Rawar Bayyanar Ƙwayoyin Gado a Algoridim na Juyin Halitta, da Batun Hasashen Ambaliya a Yankin Fagam

Tsakure

Maƙalar ta nazarci abin da algoridim mai kwaikwayon juyin halitta ke amfana da shi idan aka raba rubutun gado da siffar da rubutun ke haifarwa. An warware misali ɗaya da hannu, sannan aka auna dacewar hanyar da hasashen tashin kogi a Fagam, ƙaramar hukumar Gwaram. Matsayar marubuci ita ce hanyar ta dace, matuƙar an samu awon ruwa mai ɗorewa.

Gabatarwa

A 1975 John Holland na Jami'ar Mishigan ya shimfiɗa tsarin da kwamfuta ke tara amsoshi barkatai, ta zaɓi masu dama, ta gauraya su, ta ɗan sauya wasu, har a dace da wadda ake nema. John Koza ya faɗaɗa shi a 1992 ta yadda abin da ke hayayyafa lissafi ne mai rassa kamar bishiya. Sai dai a wajen Koza bishiyar ita ce gadon, ita ce kuma siffar. Duk abin da aka taɓa, nan take ya shafi amsa. Halitta ba haka take ba. A jikin ɗan Adam, ɓangaren DNA da ake fassarawa zuwa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. A 2001 Cândida Ferreira ta shigo da wannan rabuwa ta gado da siffa cikin kwamfuta, a tsarin da aka fi sani da GEP.

Yadda ake karanta ƙwayar gado

Kowace ƙwaya jerin alamomi ce mai tsawo tsayayye, da kai da wutsiya. Kai na ɗaukar alamomin lissafi da ma'aunai, wutsiya kuwa ma'aunai zalla. Ƙa'idar tsawon wutsiya ita ce t = h(n − 1) + 1, inda h ke nufin tsawon kai, n kuma mafi yawan hannayen da alamar lissafi ke buƙata. Idan h = 4, n = 2, wutsiya 5 ce, ƙwayar duka 9.

Mu ɗauki alamar a a matsayin ruwan saman da ya sauka, b kuma tsayin kogi na jiya. Ga ƙwaya: × + a b a a b b a. Ana karanta ta daga hagu, hawa-hawa. Alamar × ta kama + da a; ita + ta kama b da a. Lissafin ya zama (b + a) × a. Alamomi 5 kawai suka yi aiki, 4 na ƙarshe suna kwance. Yanzu a sauya alama ta uku daga a zuwa −. Lissafin ya koma (b + a) × (a − b), alamomi 7 ke aiki. Sauyi ɗaya tak ya tashe biyu daga barci, kuma ƙa'idar wutsiya ta tabbatar ba za a taɓa haifar lissafi gurgu ba.

Tattaunawa

A ganina, nan ne ƙarfin hanyar yake. Alamomin da ke kwance suna iya sauyawa zuriya bayan zuriya ba tare da zaɓe ya hukunta su ba, kwatankwacin abin da Motoo Kimura ya bayyana a 1968 game da sauye-sauyen gado marasa cutarwa marasa amfanarwa. Kamar irin gero ne da manomi ya ajiye a rumbu: ba ya gona, amma ranar da shukar farko ta ƙone, shi za a waiwaya. Da wannan ajiya bincike ke kuɓuta idan ya maƙale a kan amsa mai dama-dama.

Game da batun ambaliya kuwa, yankin Gwaram na cikin kwarin kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a sassansa na sama, mai tasowa daga tsaunukan Jos. Ke nan kogi na iya cika ya tumbatsa alhali ko yayyafi ba a yi a Fagam ba, kuma mai shinkafa a fadama shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa a Agusta da Satumba. Masana ruwa a ƙasashe da dama sun yi amfani da GEP wajen danganta tsayin kogi da yawan kwararsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne amsar na fitowa a matsayin lissafi gajere, wanda malamin gona zai rubuta a takarda ya buga a wayarsa, ya kuma ƙalubalance shi in ya saɓa wa abin da idonsa ya gani.

Amma akwai haɗari babba. Idan awon da aka ba algoridim na damina biyu ko uku ne, zai haddace su ne kurum, ya fito da lissafi mai kyan gani wanda zai rushe a shekarar da ruwa ya zo da sabon salo. Maganinsa shi ne a ɓoye wasu shekarun don gwaji, a kuma taƙaita tsawon kai. Dukansu biyu suna buƙatar awo na yau da kullum na shekaru masu yawa.

Don haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da Jami'ar Tarayya ta Dutse su haɗa hannu wajen awon tsayin kogi da ruwan sama kullum a Fagam da garuruwan da ke samanta, su kuma buɗe wa ɗalibai masu bincike waɗannan alƙaluma kyauta.