Yadda Ake Inganta Gawayin Ajiye Lantarki da Hasken Gama

Ɓawon kwakwa da ƙaiƙayin shinkafa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa na cikin ragowar amfanin gona da ake mayarwa gawayi domin ƙera farantan da ke riƙe caji a batir da supakafasita, wato na'urar da ke ɗaukar caji kuma ta sake shi cikin daƙiƙoƙi. An yi rajistar ƙirƙirar irinta ta farko a Amurka a 1957.

Ana gasa kayan ne a tanderun da iskar oksijin ba ta shiga, a zafin digiri 600 zuwa 900, sannan a buɗe musu ƙananan ramuka da tururi ko sinadari. Idan aka shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya na irin wannan gawayi, yakan haura murabba'in mita 1,000. A jikin wannan bango caji ke taruwa. Sai dai ramin da ruwan sinadarin na'urar bai jiƙa ba, ba ya ajiye komai.

Wannan matsala ce masana ke neman magancewa ta hanyar haska gawayin da hasken gama daga ƙarfen kobalt-60, ko da kwararar elektiron. Hasken na tsinka wasu ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin kabon, ya bar gurabe. Idan akwai iska ko ruwa a wurin, oksijin yakan maƙale a guraben, gawayin ya ƙara karɓar ruwa, wuraren riƙe caji su ƙaru. Hasken kobalt-60 ba ya mayar da gawayin abu mai fitar da radiyeshon.

Sirrin aikin yana ga awo. Ana auna hasken da kilogire, kuma kowane irin gawayi da gwargwadon da ya dace da shi. Idan ya yi kaɗan ba a ganin sauyi. Idan ya zarce ƙima, tsarin gawayin ya lalace, lantarki ya daina ratsa shi da sauƙi.

Har yanzu akasarin aikin bai wuce ɗakunan gwaji ba. Najeriya na da cibiyar haska kaya da gama a Sheda, Abuja, ga kuma tulin ƙaiƙayi a masana'antun casar shinkafa na Kano da Kebbi da Abakaliki. Abin da zai raba gardama shi ne ko ƙarin cajin da ake samu zai mayar da kuɗin haskawar.