Me Mindar Kaka Take Cewa?

Duk wanda ya tashi a Sabon nan ya san barikin Letmauk da ke maƙwabtaka da mu ta wajen Mokola. Muna wucewa ta gabansa kullum, muna kiran sunan yadda bakinmu ya ga dama, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa Letmauk wani ƙauye ne a yankin Arakan na ƙasar Bama (ba Bama ta Barno ba fa), inda sojan Nijeriya suka gwabza da Japan a farkon 1945. Haka Myohaung da Tamandu a Ikko, haka Dalet da Kalapanzin a Kaduna. Mutanen da suka taka waɗannan wurare da ƙafarsu, wasunsu a nan unguwar suka ƙare rayuwarsu, wani yana gadi, wani yana dillancin shanu ko goro. Abin da ya rage mana nasu sai minda biyu ko uku a ƙasan adaka, da magana ɗaya da kowane gida ya haddace: "Ai kakanmu ya yi yaƙin Bama."

To, mindar nan tana magana, sai dai ba ta faɗin duk abin da muke ɗora mata.

Abu na farko, a juya ta a duba baya da gefe. Mindodin Yaƙin Duniya na Ɗaya, na 1914 zuwa 1918, wanda ya kai sojanmu Kamaru da Gabashin Afirka, an buga musu lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa, a bakin mindar in mai zagaye ce, a bayanta in tauraro ce. Wanda ya gaji irin wannan ya yi sa'a, shaidarsa na jikinta. Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, haka aka raba su ba suna ba lamba. Ke nan tauraron Bama shi kaɗai ba ya tabbatar da na wane ne. Ana musaya, ana jingina, ana saye a hannun masu kayan gwanjo. Shi ya sa tsohuwar takardar sallamar nan da gara ta ci gefenta ta fi ƙarfen daraja wajen mai bincike, ko da yake ƙarfen muke gogewa mu nuna wa baƙi.

Sai kuma ƙyallen da aka rataye ta, don launinsa shi ne harshenta. Tauraro mai tsini shida da ƙyalle kashi uku, shuɗi mai duhu da ja da shuɗi mai haske, na wanda ya yi kwana 180 ne a fagen fama tsakanin 1939 da 1945. Farar minda mai hoton Sarki Joji na Shida, a bayanta zaki ya taka dodo, wannan duk wanda ya yi kwana 28 cikin kaki ya cancance ta, ko da bai taɓa barin barikin Zariya ba. Ba raini ba ne, ƙa'idarta ke nan.

Mai ƙyalle ruwan yashi da jan layi a tsakiya shi ne tauraron Afirka, kuma a nan ake yawan tafka kuskure. Da an ji Afirka sai a ce ai hamadar Masar ce, an yi da Jamusawa. Yana yiwuwa, don an kai 'yan ƙasar nan da yawa aikin ƙarfi a can. Amma tauraron ya haɗa da yaƙin Somaliya da Habasha, inda birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta bi Italiyawa har Harar a watan Maris. Wanda ke da tauraron Afirka da na Bama a jere, alama ce mai ƙarfi ta cewa tsohon hannu ne: ya je Habasha, ya dawo gida, aka sake zuba shi a jirgin ruwa zuwa Indiya.

Bari mu tsaya a kan tauraron Bama, tun da shi ya fi yawa a gidajenmu. Ƙyallensa shuɗi ne mai duhu, ja a tsakiya, da siraran layuka biyu ruwan lemo. Ana ba da shi ga wanda ya shiga fagen yaƙin Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, kuma ga sojan ƙasa shiga fagen kawai ya wadatar. Bai ce mutum ya yi harbi ba, bai ce ya yi wata goma ko mako guda ba. Manyan rundunoni biyu ne suka tafi daga Afirka ta Yamma. Ta 81, wadda aka haɗa a 1943, ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944, tambarinta baƙin gizo a kan rawaya. Daga cikinta aka zare birged ta uku, wato bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya, aka haɗa da mayaƙan Chindit da ake saukewa a bayan abokan gaba. Sunan barikin Chindit na Zariya daga nan ya fito. Ta 82 kuwa ta shiga fama a ƙarshen 1944, rundunonin biyu suka haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairun 1945, sannan ta 82 ta nausa kudu ta Dalet da Tamandu da Letmauk. Tambarinta masu biyu ne a gicciye a kan gammo.

Gammo fa, irin wanda 'yan dako ke ɗorawa a ka a kasuwar Bodija. Ba a banza aka sa shi ba. Dajin Arakan duwatsu ne da kwazazzabai da ruwan sama, mota ba ta shiga, abinci ta sama ake jefo shi. Dubban mutane a waɗannan rundunoni aikinsu ɗaukar kaya a ka: harsashi, sassan igwa, akwatin waya, gadon ɗaukar mai rauni. Sojoji ne masu lamba, amma da yawansu adda ce kaɗai makaminsu, kuma tauraron da suka samu iri ɗaya ne da na mai bindiga. Mun sha ganin jika ya ɓata rai da aka karanta masa takardar kakansa aka ga ɗan ɗaukar kaya ne. Mu kam a ganinmu, mutumin da ya hau tsauni da akwatin harsashi a ka, ana ɓarin wuta, ba shi da abin ramawa, ba ya bukatar mu ƙara masa bindigar ƙarya.

Jarumta tana da nata shaidar daban. In akwai farar minda da aka rubuta wa FOR BRAVERY IN THE FIELD a baya, ita kam tana da suna da lamba a bakinta, kuma ita ake fara jerawa a ƙirji. In kuma an ga ɗan ganyen tagulla a maƙale a ƙyallen mai zakin nan, an ambaci sunan mai ita a rahoton kwamanda. Wasu daga cikin irin waɗannan suna da takarda a gidan adana tarihi na Ingila da ke Kew, a jerin da ake kira WO 373, inda hafsan ya rubuta abin da sojan ya yi da ranar da wurin, kuma ana iya nemowa ta intanet. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum a Bama suna WO 172. Ba kasafai suke ambaton farabiti da suna ba, amma in ka san bataliyar kakanka za ka san inda ya kwana a kowane mako. Katunan mindodin yaƙin farko suna WO 372. Wanda bai dawo ba, a neme shi a rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, da namu a ciki.

Amma kada a shiga neman nan da suna kawai, za a sha wahala. Magatakardan soja ba ya tambayar sunan uba, sunan gari yake liƙa wa mutum. Irin su Garba Kano da Musa Sakkwato sun fi a ƙirga, rubutun ma yadda kunnen Bature ya ji: Momo, Awudu, Mama. Sau da yawa garin ma ba nasa ba ne, inda aka ɗauke shi ne. Wani ya ƙetaro daga ƙasar Faransa ya ari sunan Katsina, wani ya gudo daga gida ya sauya suna don kada a biyo shi. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar, wadda ta 'yan Nijeriya a yaƙi na biyu ke farawa da NA. A neme ta a takardar sallama, a katin fansho, a bayan tsohon hoto, ko a bakin tsohuwa, don wasu matan sun haddace lambar mazajensu kamar karatun allo. Da lamba a hannu ne zuwa ofishin 'yan mazan jiya, ko gidan adana takardu na ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, zai yi amfani.

Akwai wata minda da ta girmi duk waɗannan, wadda mai ita ya kamata ya zauna kafin ya karanta. Ƙyallenta rawaya ne mai baƙin gefe da siraran layuka biyu kore, an fara ba da ita a 1902 saboda yaƙe-yaƙen cikin Afirka, kuma kowane yaƙi da ɗan ƙarfensa da ake gittawa a kan ƙyallen. In ƙarfen ya ce N. NIGERIA 1903, to mai ita yana cikin rundunar da ta ci Kano a Fabrairu, ko Sakkwato a Maris, ko wadda ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka kashe shi a Yulin shekarar. In ya ce 1906, shekarar Satiru da Haɗeja ke nan. Hafsoshin Turawa ne, amma yawancin masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne, da Hausa ake ba su oda. Wasu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu suka sami mafaka a kaki, wasu yunwa ta kawo su, wasu albashi. Bayan sallama ba kowa ne ya iya komawa garinsu ba, kuma zangon kudu ba ya yawan tambayar baƙo abin da ya baro. Ita wannan mindar tana da suna da lamba a bakinta, an buga su da zurfi, gogewar shekara ɗari ba ta share su ba.