Burukutu da Kwalba: Wani Ɓangare na Tarihin Sabon Garin Zariya

Sanin kowa ne giya haramun ce a Musulunci, kuma ba don a yabe ta ake nazarinta ba. Amma mai binciken tarihi ba zai kau da kai daga abin da ya shiga dokar gwamnati da aikin gona da kasuwancin ƙasa ba. Tambayar da ke gabanmu ƙarama ce a ido: me ya sa burukutu, wadda aka daɗe ana dafawa a ƙasar Zazzau, ba ta zauna a cikin kwalba ba, alhali giyar Turawa da ta zo daga baya ta zauna daram?

Tun kafin zuwan Turawa, Maguzawa da al'ummomin kudancin Zazzau suna dafa giyar dawa don gayya da bukukuwa da tsafi. Sana'ar mata ce. Akan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sāke dafawa, sa'an nan a zuba ragowar tsohuwar giya a ciki domin ta tashi. Wannan ragowa ita ce ke ɗauke da ƙwayoyin yisti, masu cin zaƙin dawa suna mai da shi barasa, suna kuma fitar da wata iska. Kumfar da ake gani a bakin randa aikinsu ne.

To, a nan gizo ke saƙar. Burukutu ba ta gama tashi ba ake shan ta. Ƙwayoyin nan suna raye a cikin ƙwarya har ta kai bakin mai sha. Muddin randa a buɗe take, iskar tana ficewa salin-alin. Da zarar an ɗura ta a kwalba an toshe, iskar ba ta da mafita, sai ta taru, ko dai murfi ya yi tsalle rabin abin ya zube, ko kwalbar ta fashe a hannun mutum. In ma kwalbar ta jure, wasu ƙwayoyin da ke tare da yistin sukan ci gaba da tsamar da ita, cikin 'yan kwanaki ta koma abin da ba ya shawuwa. Saboda haka burukutu ba ta tafiya mai nisa, ba a ajiye ta, dole mai sha ya je inda aka dafa. Kowace mai dafawa da ranarta, da rumfarta, da masu zuwa wurinta.

Dokar Turawa ta ƙara ɗaure wannan hali. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba ta yaɗu ba, aka sa Arewacin Nijeriya cikinsu, kuma dokar barasa ta 1917 ta tabbatar da haka. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa don ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa baƙi. Abin da alƙali ba zai bari a cikin birni ba, sai ya sami wurin zama a can, da kuma kusa da barikin soja. Lebura da soja da ba su da halin sayen giyar da jirgi ya kawo, rumfar burukutu suka nufa.

A Turai kuwa an riga an shawo kan matsalar kwalba. Louis Pasteur na Faransa ya buga bincikensa a kan giya a 1876, inda ya nuna ƙwayoyi ne ke lalata ta, kuma ɗumama ta daidai gwargwado yana kashe su. A 1892 William Painter na Amurka ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora da ke riƙe iska gam. Wato giyar kwalba tatacciya ce, matacciya, an auna iskar da ke cikinta, kuma akan ɗura ta da sanyi don kada ta yi kumfa ta tsere. Da wannan dabara kamfanin Nigerian Breweries ya fito da Star a Legas a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. A Zambiya da Zimbabuwe masu Chibuku sun bi wata hanya dabam, suka riƙa zuba giyar hatsi mai rai a kwali mai 'yar kafa a sama don iska ta fita.

Abin mamaki, dawar da aka raina ta shiga kwalba ta wata ƙofa, kuma Samaru ce ta buɗe mata. An kafa tashar binciken aikin gona a nan a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin ire-iren dawar da ta fitar akwai gajeriyar kaura mai lamba SK 5912, wadda aka yi domin manomi ya sami yalwar abinci. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun giya da na lemon malt suka rasa abin dafawa, suka komo kan dawa, wannan iri kuwa yana cikin waɗanda suka fi karɓuwa. Dillalai suka shiga kasuwannin hatsi suna saye buhu-buhu, har manomin Zabi ko Bomo, wanda bai taɓa kusantar giya ba, ya wayi gari masana'anta tana cikin masu neman abin da ya noma, tana gogayya da mai tuwo da mai dafa burukutu a kan mudu guda.