Saƙon da ya bi ta kunne

A 1987 aka fara tabbatar da ciwon sida a Nijar. Gargaɗin farko ya zo bisa alluna da takardu, galibi da Faransanci, ga mutanen birni. To matar ƙauye fa, wadda ba ta shiga lakwal ba? Mijinta na tafiya bida Abijan ko Legas, ya dawo da damina, wani lokaci da abin da bai sani ba cikin jininsa. Allo bai gaya mata komai ba.

Sai aka koma ga tsohuwar hanya, wato baki da kunne. Tun 1962 ƙasar nan ke da kulob-kulob na sauraron rediyo. A 1991 CARE ta kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata na haɗuwa kowane mako don zubin asusu, kuma a irin wannan zama ne ake iya faɗin abin da kunya ke hana faɗi gaban maza. Rediyon karkara ya ƙara da wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Animas-Sutura ta raɗa wa kwaroron roba suna Foula, sunan da ba ya nauyi a baki.

Binciken ƙasa ya nuna masu ɗauke da cutar kashi 0,7 cikin ɗari a 2006, sai 0,4 a 2012. Amma fa sani daban, iko daban: matar da ta ji komai a rediyo har yanzu sai da yardar maigida take zuwa likita awon jini.