Tashar da ke magana da ƙarfe tara

A ranar 1 ga Janairun 1968, gidan talabijin na Tarayyar Sobiyet ya fara shirin labarai na Vremya, wato "Lokaci", wanda daga baya ya zauna a ƙarfe tara na dare. Bayan rushewar tarayyar, tashar ta koma ORT a 1995, attajiri Boris Berezovsky yana juya akalarta. A 2000 ta caccaki Shugaba Putin kan nutsewar jirgin ƙarƙashin teku na Kursk. Kafin shekara ta zagayo, Berezovsky ya bar ƙasar, ya sayar da hannun jarinsa. A 2002 aka sauya mata suna zuwa Tasha ta Ɗaya. Har yau ana nuna Vremya da ƙarfe tara, da muryar fadar Kremlin.