Allon da Ke Jiran Shekararsa

A farkon shekarar 2018, shugaban rukunin jami'o'in Texas A&M da ke Amurka, John Sharp, ya miƙa wa sabon kocin ƙungiyar ƙwallon jami'ar, Jimbo Fisher, wani allon karramawa. A jikin allon an rubuta cewa ƙungiyar ta lashe kofin ƙasa. Abu ɗaya aka rage, wato lambobi biyu na ƙarshen shekarar, waɗanda aka bar gurbinsu fayau domin a cike ranar da nasarar ta zo. A lokacin Fisher bai jagoranci ko wasa ɗaya ba a jami'ar. An yi dariya, an tafa, an ɗauki hoto. Ni kuwa tun da na ga hoton nan ya tsaya mini a rai, domin a iya nazarin tarihin da na yi, ban taɓa cin karo da shaidar da ta fallasa zuciyar jama'a a fili kamar wannan allo ba: mutane sun rubuta tarihin abin da bai faru ba, suka zauna jiran ranar da za a sa masa kwanan wata.

Wasan da nake nufi shi ne ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita, mai siffar ƙwai. A kudancin ƙasar, ƙungiyoyin jami'o'i sun fi na ƙwararru farin jini. Filin Kyle na Texas A&M yana ɗaukar mutum sama da 100,000, haka ma filin jami'ar Alabama yana ɗaukar kusan hakan. Wasanni goma sha biyu kacal ake bugawa a kakar yau da kullum, saboda haka rashin nasara biyu ko uku sun isa su rusa shekara guda. Su kuma 'yan wasan ɗalibai ne, bayan shekara uku zuwa biyar sun gama sun tafi. Koci ne ke zama. Shi ke bin gidajen iyaye yana lallashin yaran sakandare su zo jami'arsa, shi ke zaɓen mataimaka, shi ke shan yabo da zagi. Wannan ne ya sa a can koci ya fi kama da sarki fiye da ma'aikaci.

Domin a gane abin da ya sa Texas A&M ta yi abin da ta yi, sai an koma Alabama, kuma sai an fara da Paul Bryant, wanda ake wa laƙabi da Bear. Abin mamaki, daga Texas A&M ɗin ya fito. Ya horar da ita daga 1954 zuwa 1957, sannan ya koma Alabama inda ya yi karatu, yana mai kwatanta kiran da jami'ar ta yi masa da kiran uwa. Ya shekara 25 a can, ya ci kofin ƙasa sau shida, ya yi murabus a ƙarshen 1982 da nasarori 323 a rayuwarsa ta koci. Makonni huɗu bayan wasansa na ƙarshe, a watan Janairun 1983, ya mutu.

Abin da ya biyo baya shekaru ne na neman mamaci a jikin rayayyu. Bill Curry, wanda ya zo a 1987, an taɓa jefa bulo ta tagar ofishinsa bayan an doke ƙungiyar a 1988. A shekarar da ta biyo ya ci wasa goma, amma da yake bai taɓa doke Auburn ba, babbar abokiyar hamayyarsu ta cikin jiha, sai zama ya gagara, ya tattara ya koma Kentucky. Gene Stallings, tsohon ɗan wasan Bryant, ya kawo kofi a 1992, hankali ya ɗan kwanta. Bayansa kuma aka shiga wani yanayi na takunkumi da sauye-sauye: Dennis Franchione ya yi shekara biyu ya gudu zuwa Texas A&M, Mike Price aka kore shi a 2003 tun bai buga wasa ba, Mike Shula kuma aka sallame shi a 2006 bayan Auburn ta sake doke su.

A cikin wannan hali ne daraktan wasannin jami'ar, Mal Moore, ya nufi Miami neman Nick Saban. Saban ya riga ya ci kofin ƙasa da jami'ar LSU a 2003, sannan ya koma horar da ƙwararru na Miami Dolphins, inda abin bai yi masa daɗi ba. A watan Disambar 2006 ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa ba zai zama kocin Alabama ba. Ranar 3 ga Janairun 2007 ya karɓi aikin, a kan dala miliyan 32 na shekara takwas, kuɗin da a wancan lokaci mutane da yawa suka ɗauka hauka ne. Jama'a suka yi dafifi a filin jirgin Tuscaloosa domin tarbarsa. A watan Afrilu, mutum 92,138 suka cika filin wasa domin kallon atisaye, wato ƙungiyar ta rabu biyu tana wasa da kanta. Ba kofi, ba abokin hamayya, sai dai a ga mutumin yana tsaye a gefen fili.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi jan hankalina, shi ne yadda shekararsa ta farko ta kasance. Ya ci wasa bakwai, aka doke shi a shida. A watan Nuwamba wata ƙaramar jami'a, Louisiana-Monroe, ta zo har gida ta doke Alabama da ci 21 da 14. Auburn ma ta sake yin nasara, karo na shida a jere. Da a ranar aka tsayar da alƙalami, da an rubuta Saban cikin jerin masu tsada marasa amfani. Amma a daidai lokacin yana can yana tara yara, yana sauya tsarin atisaye, abinci, karatu da ladabi. A 2008 ya ci dukkan wasanni goma sha biyu na kakar yau da kullum. A kakar 2009 ya ɗauki kofin ƙasa ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, sannan ya ƙara a 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Yawan ɗaliban jami'ar ya tashi daga wajen 25,000 zuwa sama da 38,000, da yawansu daga wasu jihohi, masu biyan kuɗin makaranta mai tsada. Dala miliyan 32 ta zama araha.

A ganina, nasarar Saban ta cuci jami'o'i da dama fiye da yadda ta amfani Alabama. Kowa ya kalle ta ya ɗauki darasi mafi sauƙi: a nemo mai suna, a biya shi ko nawa ne, a jira shekara uku. Ba a cika tambayar abin da ya tarar a Alabama ba, ko irin halinsa na mutumin da ba ya gajiya da sauya salon wasansa idan zamani ya sauya. An ga rawa, ba a saurari gangar ba.

Texas A&M tana da duk abin da ake buƙata, ban da kofi. Tana da attajiran tsofaffin ɗalibai, tana zaune a jihar da ta fi yawancin jihohi fitar da zaratan 'yan wasa, amma rabonta da kofin ƙasa tun 1939. A ƙarshen 2017 ta kori Kevin Sumlin, wanda ya ci wasa 51 aka doke shi a 26, ta ɗauko Fisher daga Florida State. A takarda babu abin zargi: ya yi wa Saban mataimaki a LSU lokacin kofin 2003, shi da kansa kuma ya ci kofin ƙasa a kakar 2013. Sai dai a shekarar da aka ɗauko shi, ƙungiyarsa ta ci wasa biyar ne aka doke ta a shida, kuma masu ɗoki ba su tsaya a kan wannan ba. Aka ba shi kwantiragin shekara goma a kan dala miliyan 75, tare da sharaɗin da ya fi kuɗin kansa nauyi: idan jami'a ta kore shi, za ta biya shi duk abin da ya rage, idan shi ya ga damar tafiya, ba ya biyan ko sisi.

A nan ne haɗarin yake, kuma ba a filin wasa aka ƙulla shi ba, a teburin lauyoyi ne. Duk kasadar ta koma kan jami'a. Magoya baya sun ɗauki girman kuɗin a matsayin alƙawarin nasara, alhali abin da takardar ta tabbatar shi ne albashin mutum ɗaya.

Ba zan yi wa Fisher rashin adalci ba. A 2020 ya ci wasa tara cikin goma, ƙungiyar ta ƙare a matsayi na huɗu a ƙasar, kuma da ƙyar ta rasa shiga gasar ƙungiyoyi huɗu da a wancan lokaci ke fitar da zakara. Wannan kusantar ce ta ƙara rura wutar. Scott Woodward, daraktan da ya kawo shi, ya riga ya koma LSU, aka shiga fargabar zai janye shi. Saboda haka a 2021 aka tsawaita kwantiragin zuwa 2031, albashi ya haura dala miliyan 9 a shekara. A watan Oktoba na shekarar ya doke Alabama da ci 41 da 38, ya zama na farko cikin tsofaffin mataimakan Saban da ya yi nasara a kan maigidan. A wannan dare, duk wanda ya ce an yi sauri wajen ƙara kuɗin, da an ce masa ɗan baƙin ciki.

Sai 2022 ta zo. Jami'ar ta tara sababbin 'yan wasan da masu ƙididdiga suka sa a matsayi na ɗaya a ƙasar, har Saban ya yi zargin cewa da kuɗi aka saye su, Fisher ya kira 'yan jarida ya mayar da martani cikin fushi. Amma da aka shiga fili, Appalachian State, ƙaramar jami'a da aka biya ta zo a doke ta, ita ta yi nasara da ci 17 da 14. Na daɗe ina kwatanta wannan rana da ranar Louisiana-Monroe. Kunya iri ɗaya ce, a gida, a gaban jama'a. Bambancin shi ne ta Saban ta zo a shekararsa ta farko, yana tsakiyar aza harsashi. Ta Fisher ta zo a ta biyar, lokacin da ya kamata a ce an yi rufi. Salon kai harinsa, wanda ya ci kofi da shi shekara tara da suka wuce, ya tsufa, kuma ya daɗe bai yarda ya sakar wa wani ragamarsa ba. Kakar ta ƙare da nasara biyar, rashin nasara bakwai.

Daga nan sai soyayya ta juye ta zama lissafi. Mutanen da suka tafa wa allon su ne suka koma ƙirga nawa za a kashe a rabu da shi. Kwantiragin da aka yi domin kada wani ya ƙwace shi ya zama igiyar da ta hana a sake shi. Ranar 12 ga Nuwambar 2023, kwana ɗaya bayan ƙungiyarsa ta lallasa Mississippi State da ci 51 da 10, aka sallame shi. Ya bar tarihin nasara 45 da rashin nasara 25, wanda idan aka auna bai kai na Sumlin da aka kora domin a kawo shi ba. Kuɗin sallamarsa ya haura dala miliyan 75, fiye da ninki uku na mafi yawan abin da wata jami'a ta taɓa biyan korarren koci kafin lokacin. Jami'ar ta ce daga asusun wasanni da gudummawar masu tallafi za a biya, ba daga kuɗin karatu ba. Na yarda da hakan, amma attajirin da ya ba da miliyoyi domin a kori mutum, miliyoyin nan ba su je ɗakin karatu ko ɗakin gwaje-gwaje ba.

Watanni biyu bayan haka, ranar 10 ga Janairun 2024, Saban ya yi murabus, Alabama ta sake tsintar kanta inda take a 1983, tana auna sabon mutum da inuwar wanda ya tafi. Ita kuwa Texas A&M ta ɗauki Mike Elko, tsohon mataimakin Fisher, wanda sunansa bai kai rabin na maigidansa ba, ba a kuma shirya masa wani allo ba. Fisher zai ci gaba da karɓar sama da dala miliyan 7 kowace shekara daga jami'ar har zuwa 2031, ko ya sami wani aiki ko bai samu ba.