Malamin Ƙaramar Sakandare da Yaron da Ke Gabansa

Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, Nijeriya ke da matakin karatu na shekara uku tsakanin firamare da babbar sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗe waɗannan shekaru uku da shidan firamare, ta ce duka taran kyauta ne kuma tilas ne. Yawancin yaran da ke ƙaramar sakandare 'yan shekara 12 zuwa 15 ne, wato suna tsakiyar tashen balaga. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, har yau ba mu horar da malami saboda wannan yaro ba. Muna horar da malamin lissafi da malamin Turanci da malamin kimiyya, mu miƙa masa alli, sai ya shiga aji sannan ya fara laluben ko wane ne ke zaune gabansa.

Arewa ba baƙuwar irin wannan makaranta ba ce. Daga wajajen 1930 har cikin shekarun 1950 akwai makarantun Midil a larduna, inda yaro ke zuwa bayan ya gama elemantare, kuma da farko Kwalejin Katsina ce ke ba su malamai. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar ƙaga labarai ta 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano sun yi aiki tare a Midil ta Bauci. Kada dai a ɗauka zamanin nan ya fi namu ta ko'ina: makarantun 'yan kaɗan ne, na maza ne, ɗan talakan ƙauye kuwa da wuya ya leƙa su. Amma suna da abu guda da ya kamata a lura da shi. Makarantun kwana ne, malami na tare da yara a aji da filin wasa da ɗakin kwana, saboda haka ya san wanda ke kukan kewar gida, ya san wanda bakinsa ya fi ƙarfinsa. Tsarin makarantar ne ya ɗora masa wannan sani. Makarantar jeka-ka-dawo ta yau, mai aji cike maƙil, ba za ta ba malami shi a ɓagas ba. Sai an koya masa yadda zai neme shi.

To, wane ne yaron? Jikinsa na canzawa da saurin da bai taɓa yi ba tun yana jariri, kuma ba lokaci guda kowa ke farawa ba. A aji ɗaya za ka ga yarinyar da ta zama budurwa kusa da wadda ba ta bar wasan 'yar tsana ba, ga yaro muryarsa ta buɗe kusa da wanda bai kai kafaɗarsa ba. Tunaninsa ma yana sauyawa. Jean Piaget ya nuna cewa daga wajen shekara 11 ko 12 ne yaro ke fara iya yin tunani a kan abin da ba ya gani ko taɓawa, irin tunanin da aljabara ke bukata, ko da yake binciken baya ya nuna ba kowa ke kaiwa nan a rana ɗaya ba, kuma koyarwa na da hannu a ciki. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun ƙara da cewa sashen gaba, wanda ke taka wa mutum birki, ba ya kammala nuna sai an haura shekara 20, alhali sha'awar yabo da son burge tsara na tashi tun farkon balaga. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg sun sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta. Matasan sun fi yin ganganci idan abokansu na kallo, manyan kuwa kallon bai canza su sosai ba. Malamin da ya san haka zai fahimci abin da ya sa yaron da aka tozarta gaban aji ke ƙara taurin kai, alhali da an ja shi gefe da ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi haƙuri."

Jacquelynne Eccles da abokan aikinta a Jami'ar Michigan sun bi ɗalibai yayin da suke tsallakawa daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, suka ga himmar da yawa daga cikinsu na raguwa. Ba su ɗora laifin a kan balaga kaɗai ba. Sun nuna cewa makarantar ce ba ta dace da shekarun ba: a daidai lokacin da yaro ya fi bukatar babban da ya san shi, sai a raba shi tsakanin malamai da yawa, lokacin da yake son a ji ra'ayinsa, sai a ƙara matsa masa, lokacin da ya fi jin kunya, sai a riƙa gwada shi da wasu a bainar jama'a. Rahoton da gidauniyar Carnegie ta fitar a Amurka a 1989 ya nemi a tabbata kowane ɗalibi na da aƙalla babba guda a makaranta da ya san shi sosai, a kuma horar da malamai na musamman domin wannan mataki. Bincike ne na wata ƙasa, amma duk wanda ya san makarantunmu zai ga hotonsu a ciki. Yaronmu yakan fito daga hannun malamin aji guda ya faɗa hannun malamai goma ko fiye, kowanne ya shigo na minti 40 ya fice.

Idan muka dubi horon da kansa, za mu ga inda gizo ke saƙar. Takardar NCE ta samo asali ne daga rahoton kwamitin Ashby na 1960, wanda ya haifar da manyan kwalejojin horon malamai irin ta Zariya a 1962. An gina ta a kan darussan koyarwa biyu, kamar Hausa da addinin Musulunci ko lissafi da fizis, sai kwasa-kwasan sanin ilimi a gefe. Hukumar kula da kwalejojin ilimi, wadda aka kafa a 1989, ta gane matsalar, don a 2012 ta sake tsara manhaja yadda ɗalibi zai ƙware a mataki guda: renon yara, firamare, ƙaramar sakandare, ilimin manya ko ilimin masu bukata ta musamman. Gana ma ta bi wannan hanya a 2018, da ta mayar da horon kwalejojinta digiri na shekara huɗu mai reshe na musamman ga ƙaramar sakandare. Niyyar mai kyau ce. Sai dai ka tambayi ɗalibin kwaleji me yake karantawa, sunan darussansa biyu zai faɗa maka. Ilimin halayyar matasa kwas ne da ake haddacewa a amayar ranar jarrabawa. Mai digiri daga jami'a kuwa, hankalinsa na kan babbar sakandare. Idan aka tura shi aji ɗaya na ƙaramar sakandare sai ya ga kamar an rage masa daraja.

Ga yadda abin ke bayyana a aji. Malama 'yar koyarwar gwaji ta shigo da littafin shirin darasinta tsaf, mai duba ta ya sa hannu. Ta juya wa yara baya ta cika allo da bayanin yadda tsiro ke sarrafa abincinsa, da Turanci, yara na kwafa. A bencin baya wani yaro na zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kai bayan kowane harafi, domin bai iya karanta kalmar ba balle ya riƙe ta. Ta juyo ta tambaya ko an gane, aji ya amsa da murya ɗaya. Ba ta yi ha'inci ba. Abin da aka koya mata ta yi. Ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake gane ɗan shekara 13 da bai iya karatu ba, wanda ya ƙware wajen ɓoye hakan saboda kunya, balle yadda za ta koya masa ba tare da ta mayar da shi abin dariya ba. Kwaleji ta ɗauka koyar da karatu aikin malamin firamare ne. Yaran da ke isowa ƙaramar sakandare sun nuna ba haka abin yake ba, kuma ina ganin duk wanda zai koyar a wannan mataki, ko lissafi ne fanninsa, dole ya san dabarun koyar da karatu, ya kuma san yadda zai yi amfani da Hausa ya buɗe wa yaro ma'ana kafin ya ɗora masa kalmar Turanci.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ina amfanin sanin halin yaro ga malamin da bai san darasinsa ba? An yi shekarun da mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi ya kasance 100 cikin 400 a jarrabawar JAMB, ƙasa da na jami'a, kuma da yawa ba su zo malanta ba sai da sauran ƙofofi suka rufe. Albashin ma bai taka kara ya karya ba. Ban musa ko ɗaya ba. Amma ƙin yarda nake da a jera su, a ce sai an gama da ɗaya za a taɓa ɗayan. Sanin lissafi daban, sanin inda ɗan aji biyu ke tuntuɓe a lissafi daban: me ya sa yake ganin ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu, me ya sa harafi a madadin lamba ke rikita shi. Lee Shulman ya yi bayanin irin wannan sani a 1986, a matsayin abin da ya raba malami da masanin fanni kawai. Ba a samunsa sai an haɗa darasin da yaron a horo guda. Mun kuma taɓa ganin sakamakon mantawa da malami. A shekarun 1980 an shigo da injuna daga ƙasashen waje domin darasin fasaha na ƙaramar sakandare, da yawa suka yi tsatsa a akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu wanda aka horar ya sarrafa su.

Batun 'yan mata ya fi kowanne gaggawa, domin a waɗannan shekaru ne ake yanke shawarar ko yarinya za ta ci gaba ko za ta tsaya. A nan take fara jinin al'ada, sau da yawa a makarantar da ba ta da banɗaki mai ƙofa ko ruwa. An tashi tara kowa na fita, ita ta ƙi motsi daga benci, ta ja hijabi ta rufe jikinta. Malamin da ba a horar ba zai ɗauka raini ne ya ɗaga bulala. Wanda aka horar zai sallami sauran ya kira malama mace. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya sa kuɗi a gine-gine da tallafin 'yan mata. Gini na da amfani, amma wanda zai lura cewa yarinya ta yi kwana uku ba ta zo ba, ya taka har gidansu ya gaisa da mahaifinta cikin ladabi ya ji dalili, malamin aji ne. Haka yake ga yaron da gareji ko kasuwa ta fara ja. Wannan aiki na malamin aji, wanda muka mayar kiran suna da cika katin sakamako, shi ne mafi kusa da abin da malamin Midil ke yi, kuma ana iya koyar da shi kamar yadda ake koyar da rubuta shirin darasi.

Wurin koyar da shi kuwa koyarwar gwaji ce. A yanzu ɗalibi kan yi zango guda a makaranta, mai duba shi ya leƙo daga kwaleji ya ba da maki ya tafi, makarantar kuma ta ɗauke shi a matsayin mai cike gurbin malamin da babu. Abin da ya dace shi ne kowace kwaleji ta ƙulla da wasu ƙananan sakandare na kusa da ita, ta zaɓi gogaggun malamansu ta horar da su, a biya su alawus, su riƙe ɗalibai tun daga shekarar farko. A ba kowane ɗalibi yara kaɗan ya bi su tsawon zango: ya saurari karatunsu, ya duba kurakuran da ke littattafansu, ya san abin da suke yi bayan an tashi, ya rubuta rahoto a ba shi maki a kai daidai da makin darasin da ya koyar. Hukumomin ilimi na jihohi su ma su daina tura wanda ya ƙware a ƙaramar sakandare zuwa duk inda aka ga gurbi, domin muddin takardar ƙwarewar ba ta da tasiri a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, ɗalibin kwaleji ba zai ga dalilin zaɓenta ba.